Ajaratu da Ɗinkin Tumbi

Ranar da aka kawo Ajaratu gidanmu tana amarya, ni aka ɗora wa zama da ita, don ni ce ƙanwar ango. Da aka gama guɗa mata suka watse, na ɗaga mayafin in ga irin matar da Yaya Sabiru ya jajibo mana. Na zaci hawaye zan tarar. Sai na ga hannunta ɗaya ya sulale ta ƙarƙashin lulluɓi yana shafa bangon ɗakin, daidai inda damina ta kumbura fenti har ya fara ɓarɓashewa. Na ce, "Amarya, lafiya dai?" Ta ce da ni a hankali, "Kadidja, kawo hannunki ki ji nan." Maganar farko ke nan da ta haɗa ni da matar yayana, kuma tun ranar na san ba mai sauƙi muka kwaso ba.

Wannan baiwar Allah babu abin da hannunta bai shafa ba a garin Lome: ɓawon itace, bayan kunkuru, harshen saniya, tsatsar ƙofar masallaci. Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne 'yarta ta fari, Hamdiya, wadda ba ta ƙara ɗora wa hannu ba tun ranar da aka yaye ta. Wannan ne ya tsaya mini a rai shekara da shekaru, kuma shi ya sa nake ba da labarin nan. Amma sai kun fara sanin wadda muke fama da ita.

A nan Zongo aka haife ta. Babanta fataucin goro yake yi, cikin mutanen nan da kakanninsu suka taso daga ƙasar Kano suna ta gangarowa har teku ta ce musu iyaka ke nan. Uwarta 'yar Sokode ce. Tun tana yarinya, a aike ta sayen gishiri sai a same ta a gindin dogon yaro tana bin ɓawonsa da yatsa, miya kuwa na can tana jira. Da ta tasa aka kai ta koyon ɗinki wurin wata madam a unguwar Amutive. Madam ɗin ta ce hannun yarinyar nan zinariya ne, kanta ne dai ba a san inda ta ajiye shi ba. A ba ta leshi ta yanka riga daidai wa daida, amma idonta na kan ƙyallayen da suka faɗi ƙasa. Ta zo gidanmu da keken ɗinki da buhunan ƙyalle, har mutane suka ɗauka gara ce suna ta sa albarka.

Ɗinkin mutane kam tana yi, kuma babu mai kuka da ita. Da shi ta ci, da shi ta yi wa 'ya'yanta sutura. Amma da la'asar ta yi sai ta ajiye rigar kowa ta jawo abin nan. Haka muke kiransa har yau, "abin nan", don ba riga ba ne, ba zane ba, ba shimfiɗa ba, ita kanta kuma ba ta taɓa raɗa masa suna ba.

Da tumbi aka fara. Yaya Sabiru mahauci ne, wata rana ya aiko da kayan ciki a yi miya, aka ba Ajaratu ta wanke. Shiru, shiru. Na leƙa bayan ɗaki na same ta tsugune, ta ɗaga tumbin nan mai kama da saƙar zuma tana dubansa a hasken rana. Ta ce, "Dubi aikin Ubangiji, Kadidja. Ɗaki-ɗaki, kuma babu biyun da suka zo ɗaya." Na ce ta ƙarasa duban aikin Ubangiji a cikin tukunya, yunwa muke ji.

Bayan 'yan kwanaki ta samo tsohon tawul, ta yi ta tattara shi da allura tana ƙullewa, har ya fito ɗaki-ɗaki kamar na saniyar. Launin ne bai yi mata ba, sai ta jiƙa shi cikin ruwan goro da ganyen shayi a kwano, ta ajiye a madafa, ta tafi kai wa wata ɗinki. Hajiya, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ido ya riga ya yi mata rauni. Ta shigo ta ga tumbi a kwano, ta yi faɗan matan zamani masu barin nama a buɗe, ta wasa wuƙa ta yanka da ƙyar, ta zuba a miyar kuɓewa. Yaya Sabiru, mahauci ɗan mahauci, ya kai loma ya yi ta tauna. Ya mayar da ita ɗaya gefen ya ci gaba. Can ya ce, "Wannan saniyar ta ga shekaru." Sai da zare ya maƙale masa a haƙori aka gane. Kowa na kakarin amai, ita kuwa Ajaratu da ta dawo ta ji labari, fuskarta ta washe kamar an ba ta kujerar Makka. Tambayarta ɗaya ce: "Har shi Maigida bai gane ba?"

Daga nan ba ta ƙara jin kira ba. Buhun goron babanta ta babbake shi sama-sama ya koma ɓawon dogon yaro. Gashin kwakwa, ɓawon masara, ɓawon kifi da ta wanke da lemon tsami, katantanwa, duk ta ɗinke su a kan ƙyalle. Takan naɗe ƙusoshi cikin farin yadi, ta yayyafa ruwan gishiri, ta bar su su zuba tsatsa. Takan hau zemijan, babur ɗin hayar nan, har bakin teku, ba don shan iska ba, don ta ga yadda yashi ke kwanciya in ruwa ya ja baya, ta dawo ta yi ta fama da guntun leshi da sitacin rogo. Wani ya fito, wani ya ruɓe, wani tururuwa su cinye. Gidanmu ya yi wari iri-iri. Ni da na yi aure a layin baya ma ban tsira ba, don kullum ina gidan.

Cikin wannan hali Hamdiya ta tashi. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma yawancinmu a Zongo mun sassauta. Ni nawa na fari, in ya yi laifi, tun daga bakin titi nake kwaɗa masa kira da sunansa. Ajaratu kuwa ta riƙe ta yadda kakarta ta riƙe. Ana yaye yarinyar, Hajiya ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Tsakar gida ce kawai tsakaninsu, amma sai ka ce wani gari aka kai ta. Ajaratu ba ta kiran sunanta, sai "yarinyar Hajiya". Hamdiya kuma "Tanti" take ce mata. Ƙannenta maza a rungume su, a shafa kai, a ja kunne. Ita kuwa ko kayan makaranta za a ɗinka mata, ni ake miƙo wa tef in auna in faɗa, uwar ta juya baya tana saurare. Wani lokaci ta ce, "Sake auna kafaɗar, ta fi haka." In sake, in tarar da gaskiyarta.

Na sha yi mata faɗa. Na ce, "Ke da kike shafa bayan kunkuru, 'yar cikinki ce za ta cije ki?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce haka suka tarar.

Yarinyar kuma abin nan ya zame mata abin kunya. A makaranta "'yar mai tumbi" ake ce mata. Abin da ya ƙarasa ɓata zance shi ne ranar da igiyar shanya ta cika, Ajaratu ta rataya wani babban aiki a bangon waje don ya sha iska: baƙi da ja, ga katantanwa, ga gashin kwakwa na reto. Da safe aka tarar da ƙwai a gindinsa, an barbaɗa garin masara, an ɗiga manja. Kafin hantsi labari ya kai masallaci, wai matar Sabiru ta kafa tsafin vodu a tsakiyar Zongo.

Malam Zulkifli, limamin layinmu, ya zo da dattawa. Ya tsaya nesa kaɗan ya ɗaga gefen abin da sandarsa.

"Matar Sabiru, wa ake kira da wannan?"

"Ba ya kiran kowa, Malam."

"Me yake tsarewa?"

"Ba ya tsare komai."

"Sawa ake yi, ko shimfiɗawa?"

"A'a. Kallo ne, sai kuma a taɓa."

"A taɓa a samu me?"

"A ji yadda yake."

Malam ya shafa gemu. Ya ce da tsafi ne da ya san abin da zai karanta, amma abin da ba ya amfani kuma ba ya cutarwa, bai taɓa cin karo da shi a littafi ba. Tunda babu fuska babu ido, ba zai ce haram ba, a dai mayar da shi cikin gida. Ƙwan kuwa Akosiwa ce ta ajiye, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Mina mai suyar kifi. Da na tare ta, ta ce ita ma ba ta san ko mene ne ba, amma a wurinsu ba a wuce baƙo ba a gaishe shi ba. Kowa ya yi dariya ban da Hamdiya, wadda ta ƙi leƙa ƙofar gida sai da zancen ya lafa.

Bara aka sa ranar aurenta da wani yaron kirki mai sayar da kayan babur a unguwar Adidogome. Tun da aka raba goro Ajaratu ta shige ɗaki ta ja ƙofa, sai ƙarar keke da warin sitaci. Hamdiya ba yarinya ba ce, ta gane inda aka dosa. Ta same ni ta ce, "Gwaggo, pardon, kar abin Tanti ya bi ni gidan miji. Vraiment, gaskiya na gaji. Dangin mutumin nan ba su san mu da wannan ba." Na ce na ji.

Ana gobe jere Ajaratu ta kira ni ɗakinta. Uwar amarya ba ta zuwa jere, mu gwaggonni da ƙannen uwa ne ke zuwa mu shirya wa amarya ɗaki. Ta nuna mini wani naɗi mai tsawon tabarma, an ɗaure da igiya. Ta ce, "In kun je, ga wannan. Na ɗakin yarinyar Hajiya ne. In akwai wuri." Duk zamanmu ba ta taɓa roƙona komai ba, ko gishiri. Na ɗauka, na ce na ji. Kun ga na ce wa mutum biyu na ji, alhali maganarsu ba ta haɗuwa.

A Adidogome muka kafa gado, muka jera kwanuka da tukwane a kabad, aka rataya labule. Sai na kwance naɗin a tsakar ɗaki.  Ni kaina ban taɓa ganin ta yi mai girmansa ba. Gefe guda ɓawon itace, gefe guda kumburin bango, ga wani wuri mai santsi irin na siminti da zama ya goge, ga kuma tumbin nan namu na gado a kusurwa, yana nan daram. Wata ta tambaya ina ne sama ina ne ƙasa. Wata ta ce a shimfiɗa a bakin ƙofa a riƙa goge ƙafa. Gwaggon ango ta ja da baya tana a'uzubillahi, ta ce ba dai a ɗakin ɗanta ba, don ita ma ta ji labarin ƙwai.

Nan raina ya ɓaci. Ni ce nake da ikon zagin aikin Ajaratu, don ni na shaƙi warinsa, ni na ci miyarsa. Na ci ɗamara da gyale na ce wadda ta isa ta ɗora ƙafa a kai. Na faɗa wa gwaggon ango maganganun da sai da dattawa suka shiga tsakani daga baya muka koma gaisawa. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ga shi ita amaryar ma ba ta so. Aka naɗe shi aka tura ƙarƙashin gado.

Da na dawo na tarar da Ajaratu a tsakar gida tana tsince shinkafar biki. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Bangon ɗakin na da faɗi?" Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Ba a rataya ba." Ta ce, "To. Dama nauyi gare shi." Ta ci gaba da tsintarta.

Aka yi biki aka watse. Ajaratu ta ɗaure bakin buhunan ƙyallenta ta tura bayan ƙofa. In la'asar ta yi sai ta zauna hannu a cinya. Gidan ya daina wari, tururuwa suka koma inda suka fito, Yaya Sabiru ya koma cin tumbi ba tare da ya juya shi ya duba ba. Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, da ya samu kuma sai na ji ba na so. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Har ɓawon abarba na kai mata da hannuna na ce ta shafa ta ji, ta ce an gode, ta ajiye a gefe.

Ana nan sai ga wayar Hamdiya.

"Gwaggo, abin Tanti ya warware a gefe ɗaya, katantanwa na zubowa. Ki ce mata ta zo ta gyara."

Na ce, "Abin da ke ƙarƙashin gado wa ya warware shi? Ɓera?"

"Yana bango."

Sai ta ce gidan ne ya yi mata girma. Miji ya fita tun safe, ita kuma ba ta san kowa a unguwar ba. Tana shara ta jawo shi, ta shimfiɗa don ta kaɗe ƙura, sai ta ɗora tafin hannu a kai. "Gwaggo, ɓawon nan na bishiyar tsakar gidanmu ne. Wurin santsin nan kuma bakin ƙofar Hajiya ne, inda nake zama. Ta yaya ta san yadda wurin yake?" Na ce in kin tashi kin tafi makaranta, wa kike tsammani ke zuwa ya zauna a wurin? 

Na isar da saƙo. Ajaratu ta ce uwa ba ta zuwa gidan 'yar fari haka kawai, mutane za su yi magana. Na ce ba uwa aka kira ba, tela aka kira, aikinki ne ya lalace a gidan mutane. Wannan ta shige ta. Ta miƙe ta ɗauko allura da zare, ta kuma ɗauko leshinta na Sallah, wanda ban taɓa ganin tela ya sa don zuwa gyaran ɗinki ba. Muka tari zemijan kowacce da nata.

Muka tarar da shi a bangon da ke fuskantar ƙofa, an sauke hoton biki an ba shi wurin.

"Tanti, sannu da zuwa."

"Yawwa. Ina wurin?"

Kowacce idonta a ƙasa. Hamdiya ta nuna. Ajaratu ta bi wurin da yatsa, sai na ga yatsan ya tsaya. Na matso na leƙa. Ko ni da ban iya ɗaura maɓalli ba na gane: zaren ba tsinkewa ya yi ba, yanka shi aka yi, tsaf, ɗaya bayan ɗaya. Ga ma almakashin can a kan tebur, Hamdiya na ƙoƙarin rufe shi da gefen mayafi. Na buɗe baki ke nan, Ajaratu ta take mini ƙafa.

Ta ce, "Zaren zamani ba shi da ƙwari." Sannan, ba tare da ta dubi kowa ba, ta ce, "A riƙe mini nan."

Na yi kamar ban ji ba, na shiga duba kwanukan da na jera ko an fasa wani. Hamdiya ta matso ta riƙe gefen. Ajaratu ta ɗora hannunta na hagu a kan na yarinyar, wai don ta gyara mata riƙo, kuma ba ta ɗauke ba har aka gama. Gyaran da bai fi tsawon ɗan yatsa ba, sai da shayin da aka kawo mana ya huce sarai kafin a gama shi.  Ni ce na yi kukan su biyun, a gefen kabad, ina ta zagin ƙurar Adidogome.

Amma hawaye bai hana ni gani ba. Na ga irin ɗinkin da ta yi: dogo-dogo, sako-sako, irin na riƙo da ake yi kafin a hau keke, kuma ta zare allura ba ta ƙulla bakin zaren ba. Da muka fito titi muna jiran zemijan na kasa haƙuri.

"Ajaratu, tsufa ya kama ki. Ba ki ƙulla zaren ba. Nan da 'yan kwanaki zai sake warwarewa."

Ta gyara mayafinta tana kallon hanya. Ta ce, "Kar yarinyar ta yi ta fama da almakashi, za ta yanke hannu."